Aladdin ya yi biliyan, macijin Kusugu fa?

A 2019 kamfanin Disney ya mayar da katun ɗin Aladdin na 1992 fim na 'yan wasa, Will Smith ya fito a aljani, aka tara sama da dala biliyan ɗaya.

To, mu a Daura labarin yana hannunmu: Bayajidda, Sarauniya Daurama, da macijin rijiyar Kusugu da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Matsalar ita ce macijin. Haɗa shi da kwamfuta yana cin kuɗi, in kuwa ya fito kamar igiyar guga, 'yan TikTok ba za su raga wa Kannywood ba. Ni dai a ganina, matasanmu masu zane su fara da katun, yara su san Daurama tukuna.