Daga Haɗejiya Zuwa Jami'a: Layin Wayar Da Gurbin Karatu Ya Rataya A Kansa

Tsakanin ranar da ɗalibi ya fito daga jarrabawar JAMB da ranar da zai ɗauki jaka ya nufi jami'a akwai watanni masu yawa, wani lokaci fiye da rabin shekara. A Haɗejiya da garuruwan fadamar kogi irin su Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kiri Kasamma, waɗannan watanni suna faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin aikin shinkafa da cikar kogi, lokacin da wuta da sabis suka fi wasa da hankalin jama'a. A cikinsu ne kuma ake yanke hukuncin ko matashi zai shiga aji a bana ko sai baɗi. Hukuncin ba ya zuwa a ambulan kamar zamanin iyayensa. Ta waya yake zuwa, kuma ta layi guda ɗaya tak: wanda aka yi rajistar JAMB da shi.

Yadda yini ke tafiya

Yawancin masu jiran gurbin karatu a wannan yanki ba zaman kashe wando suke yi ba. Bayan sallar asuba wani ya bi mahaifinsa gona, wani ya buɗe shagon yayansa, wani yana zaune a rumfar POS ko ta cajin waya, wani kuma yana kasuwar kifi ta Haɗejiya wajen awo da ɗauri. 'Yan mata da dama suna tsakanin aikin gida, Islamiyya da koyon ɗinki. Abin da ya haɗa su shi ne duba waya. Da an samu sarari sai a leƙa zauren WhatsApp na 'yan ajinsu a ga ko wata jami'a ta saki sunaye. Da dare, idan garaɓasar data mai arha ta fara, sai a sake gwada shafin JAMB.

Tunanin da ke yawo a kai kusan iri ɗaya ne. Ina za a tafi? Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, tana kusa, mutum zai iya zuwa gida ƙarshen mako ya ɗebo garin tuwo da shinkafa. Saboda haka iyaye da yawa sun fi natsuwa da ita, musamman ga 'ya'ya mata. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ta ɗan fi nisa. Jami'ar Bayero ta Kano tana da suna, amma kuɗin mota da na haya da na abinci a birni wani lissafi ne daban. Ga kuma Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman a cikin garin Haɗejiya, wadda wasu ke ajiyewa a matsayin madogara.

Sai batun kwas. Baba yana son likita, maki kuma ya tsaya a wani wuri. A 2025 mafi ƙarancin makin da aka amince jami'o'i su karɓa shi ne 150 cikin 400, amma wannan ƙofar gida ce kawai. Kowace jami'a tana da nata ma'auni, kuma likitanci, lauya da aikin jinya suna neman abin da ya zarce haka nesa ba kusa ba. A nan ne matashi ke kwana yana juyi: ya canza kwas ya shiga bana, ko ya haƙura ya sake rubutawa?

Layi ya fi waya tsada

Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, kuma daga 2021 ba a yin rajista sai da lambar NIN. Matakin farko shi ne a tura kalmar NIN tare da lambobin nan 11 ta saƙon tes zuwa 55019 ko 66019, a karɓi lambar buɗe rajista. Daga wannan lokaci layin da ya tura saƙon ya manne da sunan ɗalibin. Da shi ake duba sakamako ta hanyar tura UTMERESULT zuwa waɗancan lambobi, ta kansa saƙonnin hukumar ke shigowa, kuma wani ɗalibin ba zai iya amfani da shi ya yi tasa rajistar ba. Kuɗin saƙon daga katin waya ake cira, don haka mai data kaɗai ba zai ga amsa ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Shekarun shiga jami'a a yanzu 16 ne, amma ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC ba ta ba wanda bai kai 18 ba damar yin rajistar layi da sunansa. Ma'ana, ɗalibai da yawa da layin Baba, na Umma ko na wani yaya suka yi rajista. Idan wayar ta ɓata ko aka sace ta, ɗalibin ba zai iya zuwa ofishin kamfani shi kaɗai a yi masa welkom bak ba, sai mai sunan ya je da kansa an tantance shi. Idan yayan ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal, an shiga jira na biyu a kan na farko.

Haka nan layin da aka jefa a aljihun jaka aka manta da shi. Idan ya yi watanni ba kira, ba saƙo, ba sayen data, kamfani yana iya rufe shi, daga baya ya sayar wa wani. Maganin ba shi da tsada: a riƙa sa masa kati ko da na naira ɗari ne, ana kira da shi lokaci zuwa lokaci. Imel ma haka yake. Da yawa mai shagon intanet ne ya buɗe musu a gurguje ranar rajista, ba su san kalmar sirrinsa ba. Ya kamata a karɓo ta tun yanzu, a canza ta, a rubuta a littafi a ajiye a gida.

Sunanka ya fito, amma ka karɓa?

A 2017 JAMB ta ɓullo da tsarin CAPS, wanda ta kansa ne kowane gurbin karatu ke bi kafin ya zama halastacce. Jami'a ce ke gabatar da suna, JAMB ta amince, sannan ɗalibi ya shiga da kansa ya danna karɓa ko ƙi. Ganin suna a jerin da aka liƙa ko aka yaɗa a WhatsApp bai wadatar ba. Wanda bai karɓa cikin wa'adi ba yana iya rasa gurbin, kuma wanda ya yi karatu ba ta CAPS ba zai gamu da cikas ranar da za a tura ɗalibai hidimar ƙasa.

Abubuwa biyu ne suka fi tare 'yan waya a nan. Na farko, shafin ba ya buɗewa sosai a ƙaramin allo, sau da yawa gaisuwar maraba kawai mutum zai gani. Sai an taɓa ɗigo ukun nan na saman Chrome an zaɓi Desktop site, sannan sauran maɓallan su bayyana. Na biyu, wanda ya yi rajista yana jiran sakamakon WAEC ko NECO dole ya koma cibiyar CBT da JAMB ta amince da ita a ɗora masa sakamakon bayan ya fito. Ba a yin wannan a waya, kuma idan ba a yi ba, komai yawan maki ba za a ba shi gurbi ba.

Muhammad, Mohammed ko Muhammed?

Bayan gurbi sai kuɗin rajista. A gidan manomi kuɗi yana zuwa ne bayan girbi, jami'a kuwa ba ta duba kalandar gona. Shi ya sa asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, ya shiga hirar kowace majalisar matasa. Rancen ba shi da kuɗin ruwa, na ɗaliban makarantun gwamnati ne, ana tura kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ana kuma ba wanda ya nema naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Biya yana farawa shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Bashi ne, ba kyauta ba, kuma magana ce da ya kamata a zauna da iyaye a kanta kafin a danna komai.

Neman rancen yana buƙatar lambar JAMB, NIN da BVN, kuma kwamfuta ba ta san cewa Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ne ba. A ƙasar Hausa, inda wani ke sa sunan mahaifi a wannan takarda, sunan kaka ko na gari a waccan, saɓani irin wannan ya yi yawa. Danna *346# yana nuna lambar NIN, *565*0# kuma yana nuna BVN a layin da aka haɗa da banki. Watannin jira su ne lokacin jera takardu a kan tabarma a duba suna da ranar haihuwa harafi bayan harafi, domin gyara yana cin kuɗi da makonni.

Idan kogi ya cika

Mutanen Haɗejiya sun san abin da watannin Agusta da Satumba ke iya kawowa. Ruwan da ke gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa a jihar Kano yana haɗuwa da na sama, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyinsa. A 2020 da 2022 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a yankin, matasa suka riƙa cika buhuna da ƙasa suna ƙarfafa jinga don kare gari. Wannan shi ne daidai lokacin fitowar sakamakon WAEC da NECO da tantancewar jami'o'i.

Takardar da ruwa ya ci ba ta dawowa da sauƙi. Manhajar Google Drive tana da wurin ɗaukar hoton takarda ta mayar da ita PDF, kuma kowane asusun Google yana da gigabayit 15 kyauta. Takardar haihuwa, ta shaidar ƙaramar hukuma, sakamakon jarrabawa, silif ɗin JAMB da na NIN duk ba za su cinye ko kashi ɗaya cikin ɗari ba. Na asalin kuma a sa su a leda mai kauri a ɗora a sama.

Idan waya ta faɗa ruwa, a kashe ta nan take, a cire layi, kada a sa ta a caji. Shinkafa tana da yawa a Haɗejiya, amma binne waya a cikinta ba magani ba ne. Kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi masu iPhone da su daina, domin ƙananan ɓurɓushi na shiga ramukan wayar. A bar ta ta sha iska a inuwa, sannan a kai wa mai gyara.

Masu sayar da gurbin bogi

Duk inda ake jira da fargaba, 'yan damfara na nan. Salonsu sananne ne: saƙo a Facebook ko WhatsApp daga wani mai cewa yana aiki a JAMB, zai ƙara maki ko ya sa suna a jeri idan an tura kuɗi. Babu mai iya ƙara maki daga waje, kuma gurbin da bai fito a CAPS ba babu shi. Kuɗin makaranta ta shafin jami'ar ake fitar da takardar biyansa, ba a tura shi asusun wani mutum.

Wani salon shi ne a kira ɗalibi a ce za a sa shi a zauren sababbin ɗalibai, ya karanto lambobi shida da suka shigo wayarsa. Waɗannan lambobi mabuɗin WhatsApp ɗinsa ne. Da ya faɗa an ƙwace asusun, a fara roƙon kuɗi da sunansa wajen 'yan uwa. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a saitin WhatsApp ba ya ɗaukar minti biyu.

Sabuwar waya ko laftof?

Kusan kowane mai shirin tafiya yana mafarkin shiga jami'a da sabuwar waya. Amma abin da aji ke buƙata ba kyamara ba ne. Batir mai ƙarfin 5,000mAh, RAM gigabayit 4 da ma'ajiyar gigabayit 64 zuwa 128 sun isa karanta handawut na PDF, bin zauren aji da sauke darasi a YouTube don kallo ba data. Tecno, Infinix, itel, Redmi da ƙananan Samsung duk suna da irin wannan. Fawa banki mai kyau ya fi amfani a ɗakin kwanan ɗalibai fiye da ƙarin kyamara. Mai sayen ta hannu a kasuwar Farm Centre ta Kano ya danna *#06# ya gwada lambar IMEI da ta jikin kwali, ya karɓi rasit, ya tabbatar an cire asusun tsohon mai ita.

Laftof kuwa, in ba kwas ɗin kwamfuta, injiniya ko zanen gini ba ne, tana iya jira zuwa aji biyu ko uku. Abin da bai kamata ya jira ba shi ne koyon buga rubutu, tura imel mai haɗe da takarda da amfani da Word da Excel, waɗanda mako kaɗan a shagon intanet na unguwa ya isa a fara. Shugaban hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, tun 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗejiya ne da ya karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi. Tazarar da ke tsakanin bakin kogi da wannan fanni ba ta kai yadda ake zato ba.

Kalandar jami'o'i tana iya motsawa, kamar yadda yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya nuna, kuma wannan ba ya hannun ɗalibi. Abin da ke hannunsa shi ne layin da ke raye, imel ɗin da ya san kalmar sirrinsa, suna ɗaya a kowace takarda, da kwafin komai a intanet. Wanda ya kammala waɗannan huɗu kafin kogi ya cika, ranar da gurbi ya fito abin da ya rage masa shi ne ya danna karɓa, ya je ya shaida wa mutanen gida.