Ko Ka Sani? Takalmi Ɗaya a Idonka, 24 Ne a Wurin Na'ura

Zanen layukan nan baƙaƙe da ake haskawa a manyan kantunan titin Ahmadu Bello, mutane da yawa sun ɗauka farashi ne aka ɓoye a ciki. Ba shi ba ne. Lambobi ne kawai, galibi guda 13. Na'urar tana harba haske, baƙin layi ya shanye, farin fili ya mayar, daga nan ta gane lambar, kwamfuta kuma ta duba rumbunta ta faɗi kuɗin. Shi ya sa ba a buga layukan da jan tawada: a ƙarƙashin jan hasken na'urar, ja da fari duk ɗaya ne.

An fara haska irin wannan zane ranar 26 ga Yunin 1974, a jikin ƙunshin cingam ɗin Wrigley, a garin Troy da ke jihar Ohio ta Amurka. Idan ka ga lamba ta fara da 615, kamfanin ya yi rajista ne da hukumar GS1 mai ba da waɗannan lambobi a Najeriya, ba lallai a nan aka ƙera kayan ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne, kowace lamba nau'i ɗaya tak take wakilta. Ɗauki mai takalma a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ya buɗe shago a intanet. A wurinsa samfuri ɗaya ne. Amma yana da kala 4, da girma daga 40 zuwa 45, wato 6. Kwamfuta ba tarawa take yi ba, ninkawa take: nau'i 24 ke nan, kowanne da lambarsa da adadinsa. Ya ƙara zaɓin fata ko roba, sun koma 48. A da, manhajar buɗe shago a intanet ta Shopify tana tsayar da 'yan kasuwa a nau'i 100 kan kaya ɗaya, kuma ba da wahala ake cika su ba.

Wanda ya yi ƙyuya ya rubuta "takalmi, guda 60" a dunƙule, shi ne za ka ji yana ba wata hajiya a Malali haƙuri ta waya: "Wallahi Hajiya baƙi 42 ya ƙare, sai ruwan ƙasa." Kuɗi sun shigo, kaya babu.

Masu yadi sun fi shan wahala, kuma a ganina ba laifinsu ba ne, domin ba don su aka tsara manhajojin ba. Turmin atamfa mai sauƙi ne, yadi 6 ne a naɗe. Shadda fa? Daga bandir ɗaya ake yankar yadi 5 da yadi 10. In ka shigar da su a matsayin nau'i biyu, kowanne da adadinsa, kwamfuta za ta sayar da yadin da almakashi ya riga ya cinye. Dabara ita ce a lissafa da yadi ɗaiɗai, mai saye ya zaɓi yawan da yake so.

'Yan gwanjon Kasuwar Barci kuwa lissafin ninkawa bai shafe su ba. In an kwance dila, da wuya ka sami riga biyu iri ɗaya, don haka kowace sai an ɗauke ta hoto daban, adadinta 1, da an saya a sauke ta.