Rugu da Kogo: Dazuzzukanmu da Suka Fi Ƙarfin Ziyara

Yau daji za mu shiga, kuma daga Sukuntuni za mu ɗauki hanya, can ƙasar Kankiya, maƙwabtan Kusada.

A ce malamin firamare a Sukuntuni ya yi niyyar kai ɗalibansa su ga namun daji ido da ido. Ina zai dosa? Yamma da shi, in ya wuce Dutsin-Ma, ga Dajin Rugu nan shimfiɗe a ƙasashen Safana da Batsari da Ɗanmusa, har ya tsallaka Zamfara. Gandun daji ne na hukuma, makiyaya sun daɗe suna kiwo a cikinsa. Amma yau wane uba ne zai yarda a kai masa ɗa Rugu? 'Yan bindiga sun mai da shi mafaka. Sai dai a yi doguwar tafiya zuwa Yankari a jihar Bauchi, inda giwaye suke da ruwan ɗumi na Wikki, kuma ba kowane manomi ke da kuɗin motar ba.

A ƙarshen 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ƙara gandayen daji na ƙasa guda 10. Kogo na yankin Faskari yana ciki, haka Falgore a Kano da Baturiya a Jigawa. Labari ne mai daɗi. Sai dai sa hannu a Abuja ba ya hana mai gatari shiga, ba ya korar mai bindiga.

To, jama'a, mu leƙa arewa. A jihar Maradi ta Nijar akwai gandun Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955. Fari da farauta sun ƙarar da raƙuman dawa a wurin tun shekaru da dama da suka wuce. A 2018 aka ɗauko guda 8 daga yankin Kure, kusa da Yamai, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su a mota, aka sake su a can. Sun zauna, har sun haihu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne masu gadinsu: har da 'ya'yan Buzaye da Fulanin da ke kiwo a gefen dajin. Wanda ya ga amfanin dabba tana raye, ba ya nuna wa maharbi inda take kwana.

Kiranmu ga gwamnatin jihar Katsina da hukumar gandayen daji ta ƙasa: a fara da tsaro, a shata iyaka da burtali tare da hakimai da arɗo-arɗo, sannan a ɗauki malaman daji daga ƙauyukan da ke bakin Kogo da Rugu, a riƙa biyansu a kan kari. Ku kuma matasanmu masu fita farauta da rani, don Allah ku daina cinna wa daji wuta.

Mu kwana nan. Allah ya ba mu zaman lafiya.