Ja Ko Ruwan Ɗorawa? Yadda Masu Sayen Ferrari Ke Fama da Zaɓen Launi

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dawaki ya san cewa kafin mai saye ya buɗe bakin doki ya dubi haƙoransa, idonsa ya riga ya faɗa kan gashinsa. Wani kili yake so, wani akawal, wani kuwa ko kyauta aka ba shi danda ba zai ɗaura masa sirdi ba. To, haka al'amarin yake a garin Maranello da ke arewacin ƙasar Italiya, inda kamfanin Ferrari yake ƙera motocin nan nasa masu gudun tsiya, waɗanda tambarinsu ma doki ne ya yi tsaye da ƙafafun baya. Attajiri yakan gama shawara a kan inji cikin ɗan lokaci, amma idan aka baje masa samfurin fenti da na fatun kujera, sai ka ga an yi makonni ana kai da komowa.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai damuwar masu abin hannu ce. Gaskiya ne. Sai dai kuɗin da ke cikin maganar ba na wasa ba ne. A shekarar 2024 kamfanin ya miƙa wa masu saye motoci 13,752, kuma ya bayyana cewa kusan kashi 20 cikin 100 na kuɗin da ya samu daga motoci da kayan gyaransu a wannan shekara ya fito ne daga ƙawar da kowane mai saye ya zaɓar wa motarsa, wato fenti da fata da ɗinki da makamantansu. Bayan haka kuma launin da mutum ya zaɓa yau shi ne zai tarar ranar da ya tashi sayarwa, ko dai ya ɗaga darajar motar ko ya karya ta.

Asalin jan launi

Mutane da yawa sun ɗauka Enzo Ferrari ne ya zaɓi ja don sha'awar kansa. Ba haka ba ne, gado ya tarar. A farkon tseren motoci tsakanin ƙasashe, wato gasar Gordon Bennett da aka fara a 1900, an ware wa kowace ƙasa launinta domin 'yan kallo su iya bambance motoci cikin ƙura. Faransa ta sami shuɗi, Beljiyam ruwan ɗorawa, Jamus fari, abin mamaki kuma ja a wancan lokaci na Amurka ne. Ingila ta riƙi kore tun daga tseren 1903 da aka yi a Ayalan. Daga baya ne ja ya zama na Italiya, kuma ana danganta haka da nasarar da Yarima Scipione Borghese ya samu a 1907, lokacin da ya lashe tseren da aka taso daga birnin Pekin na ƙasar Sin zuwa Paris cikin wata jar mota ƙirar Itala, tafiyar wata biyu. Su kuwa Jamusawa, daga 1934 motocin tserensu suka koma ruwan azurfa.

Saboda haka da Enzo Ferrari ya fitar da mota ta farko mai ɗauke da sunansa a 1947, ja ce, ko da yake janta ya fi karkata ga ruwan hanta, ba irin ja wur ɗin da aka sani yanzu da sunan Rosso Corsa, wato jan tsere, ba. Launin da shi kansa ya zaɓa da hannunsa shi ne ruwan ɗorawan da ke bayan dokin tambarin, domin shi ne launin garinsu Modena. Wannan ce hujjar da masu sayen Ferrari ruwan ɗorawa suke kafawa idan aka yi musu gori.

Ba kullum ba ne ma kamfanin ya yi tsere da ja. A 1964 Enzo ya yi fushi da hukumar tseren motoci ta ƙasarsa, sai ya tura motocinsa tsere biyu na ƙarshe, a Amurka da Meziko, da fari da shuɗi a ƙarƙashin ƙungiyar dilansa na Amurka. A cikin irin wannan mota John Surtees ya zama zakaran duniya na shekarar.

Amma ga mai saye, ja ya daɗe yana sarauta. Motar F40 ta 1987, wadda ita ce ta ƙarshe da Enzo ya sa wa albarka kafin rasuwarsa a 1988, da ja kaɗai ake fitar da ita daga masana'anta, kuma fentin bai da kauri, har ana iya hango saƙar kayan jikinta ta ƙarƙashinsa. A farkon shekarun 1990 kimanin kashi 85 cikin 100 na sababbin Ferrari jajaye ne. Tun daga nan adadin ya yi ta raguwa har ya koma ƙasa da rabi, ruwan toka da baƙi da shuɗi da ruwan azurfa suka sami shiga.

A nan ne lissafin mai saye yake rikicewa. Da can dillalai sukan ba da shawarar a sayi ja domin ita ce ba ta kwantai. Har ta kai a shekarun 1980 an riƙa kankare tsofaffin motoci shuɗɗa da koraye ana fesa musu ja don a sayar da su da wuri. Yau kuwa reshe ya juye da mujiya. Tun da kamfanin ya buɗe sashen Ferrari Classiche a 2006, wanda yake bincika tsohuwar mota ya gwada ta da takardun ranar da aka ƙera ta, masu tara motoci suka koma neman launin asali, ana kashe maƙudan kuɗi a kankare jan da aka fesa a mayar da mota yadda ta fito. Motar da launinta bai da yawa a kasuwa, muddin na asali ne, takan ja hankalin masu ciniki fiye da 'yar'uwarta ja. Wannan ba ya nufin kowane baƙon launi riba ne. Wanda ya sa aka haɗa masa launin da shi kaɗai yake gani da kyau, ranar sayarwa sai ya nemo mai ido irin nasa, kuma irinsu ba su cika yawa ba.

Abin da rana take yi

Akwai kuma maganar da littafin talla ba ya yi, ita ce maganar rana. A wani bincike da aka wallafa a 2011, masana a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya suka ajiye motoci biyu iri ɗaya a rana, ɗaya baƙa ɗaya ruwan azurfa. Rufin baƙar ya ɗara na ɗayar zafi da abin da ya kai digiri 25 a ma'aunin Selsiyos, iskar cikinta kuma ta ɗara da digiri biyar zuwa shida. Wanda zai kawo irin wannan mota Legas ko Abuja ko Kano, ya kamata ya riƙe wannan lissafi, tun da motar ƙasa-ƙasa ce, ɗakinta ƙarami, gilashin gabanta kuma a kwance yake yana kwasar rana, wasu ma injin yana bayan kujerar direba.

Baƙin fenti ya fi kowane kyau ranar da aka wanke shi, ya kuma fi kowane tona asiri washegari. Ƙurar hunturu ta yini ɗaya ta ishe shi, kuma duk ɗan zanen da tsumman mai wanki ya bari sai ya fito a rana. Ruwan azurfa da ruwan toka mai haske su ne masu rufin asiri. Ja kuwa tun da can an san shi da saurin koɗewa, ko da yake rufi mai sheƙi da ake fesawa a kan fentin zamani ya rage wannan matsala ƙwarai. Fentin da ba ya sheƙi, wanda samari suke yayi, yana da nasa sharaɗi: ba a goge shi da man sheƙi, idan ya karce sai dai a sake fesa ɓangaren gaba ɗaya. Haka nan fenti mai hawa uku, mai walƙiya kamar lu'ulu'u, yakan ba mai fenti wuya wajen dacewa da launi idan an yi ɗan karo. Ƙofar da aka gyara takan fita daban, kuma idon dillali ba ya kuskure ta.

Abubuwa biyu kuma sun shafi Nijeriya kai tsaye. Tun 1977 akwai dokar da ta hana farar hula amfani da mota mai koren launi irin na soja, don haka mai sha'awar kore sai ya lura da irin koren da zai zaɓa. Mai son ruwan ɗorawa kuwa doka ba ta hana shi ba, illa dai a Legas ya shirya wa ba'ar abokai, tun da launin motocin haya ne.

Cikin mota

Idan an gama da waje sai a shiga ciki, kuma a nan ne aka fi yin kuskure, alhali nan ne mai mota zai zauna. Fentin waje na masu kallo ne. Haɗin da aka fi sani tun da daɗewa shi ne jar mota da kujerun fata ruwan ƙasa mai haske, ko shuɗiya mai duhu da fata ruwan madara. Dalilin daɗewarsa a fili yake: launi mai ƙarfi a waje, mai sanyi a ciki, kowane ya bar wa ɗan'uwansa wuri. Idan waje ruwan toka ne ko baƙi, a nan ne jar fata take samun damar yin magana. Ja a waje da ja a ciki kuwa, in ba a motar tsere irin F40 ba, yawa ne.

Farar kujera tana da kyau a hoto, kuma ba ta ɗaukar zafi kamar baƙa, amma rinin wando ko na shadda yakan zauna mata, kuma ba kowane lokaci yake fita ba. Baƙar fata tana ɓoye datti, sai dai wanda ya bar ta a rana da azahar zai ji a jikinsa. Shi ya sa ruwan ƙasa da ruwan zuma suka fi dacewa da ƙasa mai zafi da ƙura. Abu guda da bai kamata a yi gardama a kansa ba shi ne saman allon da ke gaban direba. Wajibi ne ya kasance mai duhu, domin mai haske yakan yi inuwa a jikin gilashi ya kare wa direba hanya, wannan kuwa a motar da take wuce kilomita 300 cikin sa'a guda maganar rai ce, ta wuce ado. Fatar da aka lulluɓe wannan wuri da ita kuma takan takure idan ta daɗe tana shan rana, don haka motar tana bukatar rumfa.

Akwai wani yadi da ake kira Alcantara, mai laushi kamar cikin fata, wanda wani masani ɗan Japan ya ƙirƙiro a 1970, ake kuma yin sa a Italiya. Ba ya santsi, ba ya ƙyalli, ya fi fata rashin nauyi, shi ya sa ake sa shi a sitiyari da kujerun motocin gudu. Aibinsa shi ne gumi da man hannu sukan kwantar da gashinsa, sai sitiyari ya yi baƙi ya yi sumul tun motar ba ta tsufa ba.

Tun 2011 Ferrari ya buɗe shirin Tailor Made, inda ake haɗa mai saye da gwanin zane su zauna su zaɓi komai, har zaren ɗinki da launin bel da na birkin da ake hangowa ta cikin ƙafa. Porsche ta Jamus da Lamborghini su ma suna da irin nasu. Wannan 'yanci shi ne yake kai wasu ga yin shiga irin ta ɗan kama, launi biyar a mota guda. Masu ido sukan tsaya a kan biyu, su ƙara na uku ɗan kaɗan a ɗinki ko a birki, kuma ba sa yanke shawara a ƙarƙashin fitilar shago. Sukan fita da samfurin fentin da ƙyallen fatar waje su dube su da hantsi, su sake dubawa da la'asar, domin shuɗin da ya yi kyau a hasken lantarki yana iya komawa kusan baƙi idan rana ta karkata.