Babban famfon mai: shin ya dace da injin motar tsere?

A ƙarshen shekarar 1978 aka fara tseren motoci daga Paris zuwa Dakar. Motocin sun ratsa ƙasar Nijar, sun bi ta Agadas har Yamai. Wanda ya ga irin motocin nan ya san injinsu ba kamar na sauran motoci ba ne. Masu gyaran su sukan sake wasu kayan ciki. Ɗaya daga cikin kayan shi ne famfon baƙin mai. Sukan cire na asali, su sa babba. Shi ya sa wasu direbobi ke zaton babban famfo ya fi kyau ga kowace mota. Maganar ba haka take ba.

Mene ne aikin famfon mai?

Baƙin mai yana kwance cikin kwanon da ke ƙarƙashin inji, wato karter. Famfo ne ke tsotso shi. Cikin famfon akwai ƙarafa biyu masu haƙora da ke juyawa. Su ke tura man ta cikin mataci, ya bi ƙananan hanyoyi, ya isa ga ƙarafan da ke juyawa. Tsakanin babban ƙarfen inji da mazauninsa, wanda makanikai ke kira kusine, akwai ƴar tazara. Faɗinta kamar kaurin silin gashi ne. Man da ke cikin tazarar nan shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Shi ne kuma ke kwashe zafi.

Yawa daban, ƙarfi daban

Mai aikin lambu ya san wanga abu. In ya saki tiyo, ruwa na zuba da yawa amma ba ƙarfi. In ya toshe bakin tiyon da yatsa, ruwan ya yi feshi da nisa. Haka mai yake cikin inji. Famfo yawan mai yake bayarwa. Ƙarfin turi kuwa daga matsin hanya yake zuwa.

Babban famfo haƙoransa sun fi tsawo. Yakan ba da ƙarin mai wajen kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Amma kowane famfo yana da wata ƴar ƙofa. In ƙarfin turi ya kai iyaka, sai ta buɗe, rarar man ta koma baya. Ke nan in tazarar inji matsattsiya ce, ƙarin man nan ba ya zuwa ko'ina. Wahalar banza famfon ke yi.

Yaushe ne babban famfo ke da amfani?

A ƙasar Amurka ne aka fi yin wanga gyara, musamman ga inji mai silinda 8 irin na Chevrolet da Ford. Masu haɗa injin tsere sukan buɗa tazarar kusine da gangan, don mai ya wuce da yawa, ya rage zafi. Sukan ƙara na'urar sanyaya mai da dogayen tiyo. Injin kuma yana juyawa sau 6000 ko fiye cikin minti guda. Irin wanga inji yana shan mai ƙwarai. Nan ne babban famfo ya dace.

Makanikan can suna da wani ƙiyasi. Duk juyi 1000 a minti, ana son ƙarfin mai ya kai wajen bar 0,7. Wato a juyi 6000 ana neman wajen bar 4. In famfon asali yana ba da haka bayan inji ya yi zafi, ba a bukatar wani.

Ina illarsa?

1. Yana cin ƙarfin inji, domin inji ne ke juya shi.
2. Man da ke ta zagaye a banza yana ƙara zafi, ya tsinke.
3. Ƙarfen da ke juya famfon yana ɗaukar nauyin da ya fi nasa. Yana iya cinyewa ko ya murɗe.
4. In karter ƙarami ne, mai na iya taruwa a saman inji lokacin gudu mai tsanani. Sai famfo ya tsotso iska. Wanda ya sa babban famfo yakan sa babban karter tare da shi.

Gargaɗi ga masu motocin haya

Wani lokaci fitilar mai tana kamawa in tsohuwar mota ta yi zafi. Sau da yawa dalilin shi ne kusine sun cinye, tazara ta buɗe. Babban famfo yana iya kashe fitilar, amma bai gyara kusine ba. Ciwon yana nan ciki yana ci. Ranar da inji ya kama a tsakiyar daji, tsakanin Tawa da Agadas, hasarar ta fi kuɗin gyaran nesa ba kusa ba, ga fasinjoji cikin rana da ƙishirwa.

Abin da ya kamata shi ne makaniki ya auna ƙarfin mai da agogon awo, inji yana da zafi. In ya yi ƙasa, a buɗe a duba kusine da rariyar bakin famfo. A sa irin man da masu ƙera motar suka faɗa. A sake mai da mataci kan lokaci, domin ƙurar hanya na lalata mai da wuri.

Babban famfo na injin da aka haɗa dominsa ne. Motar da ke nan yadda aka ƙera ta, famfonta na asali ya ishe ta.