Aikin Mai Shirya Wasa a Rediyo: Abin da Samanja da Abokansa Suka Bar Mana

Daga Wakilinmu na Arewa, Dawaki, Gombe

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu da neman halaliya ya kai su Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan da Shagamu da Fatakwal, kowa ya san ba abin da ke rage wa mutum kewar gida kamar akwatin rediyo. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi kansu wane ne ke haɗa abin nan da muke ji. Mai karanta labarai an san muryarsa, mawaƙi an san sunansa, shi kuwa mai shirya shirin, wanda ma'aikata ke kira furodusa, sau da yawa sai a ƙarshe ake ambatonsa a gurguje, alhali shi ne gishirin miyar.

Nan Dawaki, cikin garin Gombe, in ka zauna wurin mai shayi ko a dakalin dattawa bayan La'asar aka tayar da hirar rediyo, ba a daɗewa sai an ambaci Rediyon Kaduna, kuma ba a ambatonsa a tashi ba a ambaci Samanja ba. Saboda haka bari mu ɗauki tarihin mutumin nan mu ga yadda aikin yake.

Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ce ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna cikin 1962, da taimakon kamfanonin Granada da EMI na Ingila. Cikin 1977 Gwamnatin Tarayya ta karɓi gidajen talabijin ta sa su ƙarƙashin NTA, sa'an nan cikin 1978 rediyon ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya. Da yake a kan gajeren zango yake watsa shirye-shiryensa, muryarsa ta kai Ikko da Kumasi da Yamai, har ta zama ita ce wasiƙar gida ga mutanenmu na nesa.

A wannan gida ne marigayi Alhaji Usman Baba Pategi ya yi suna. Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi ta Jihar Kwara. Ya fara aiki a gidan rediyon, da Yaƙin Basasa ya tashi, watau daga 1967 zuwa 1970, sai ya shiga soja. Zaman bariki da ya yi shi ya ba shi jarin da ya ci har ƙarshen ransa, domin daga nan ne ya fito da wasan Samanja Mazan Fama cikin shekarun 1970, ana jin sa a rediyo, ana kuma kallonsa a talabijin. Sunan kansa daga muƙamin sajan-manjan soja ya samo asali. Allah Ya yi masa rasuwa a Kaduna cikin watan Nuwamba na 2023.

To, me ya sa wasan ya shiga ran mutane haka? Na farko dai kunne ne. Pategi ya saurari yadda sojoji ke magana, Hausar bariki mai gauraye da Turancin buroka, wadda Bayarabe da Tibi da Ibo da Bahaushe duk ke fahimtar juna da ita, ya ɗauko ta yadda take ya kawo gaban makirufo. Da Samanja ya daka tsawa, ko da ba ka ganinsa ka san ƙirji a buɗe yake, ka kuma san Mutuwa Dole ya yi wani abin da zai jawo masa gwale-gwale. Na biyu kuwa, a ƙarƙashin ban dariyar akwai magana mai nauyi. Ƙasa ta fito daga yaƙi, farar hula na tsoron mai kaki, sai ga wasa yana nuna soja mutum ne kamar kowa, yana da mata da bashi da rigimar maƙwabta.

Ba shi kaɗai ba ne. Marigayi Alhaji Yusuf Ladan, Ɗan Iyan Zazzau, shi ya tsara wasan Zaman Duniya Iyawa Ne a rediyon Kaduna, wanda daga baya Kamfanin NNPC na Zariya ya buga shi littafi har aka riƙa karanta shi a makarantu. Wannan ya isa shaida cewa abin da ake yi a ɗakin ɗaukar magana ba wasan yara ba ne.

Bari in ɗan bayyana wa mai karatu yadda aikin yake a wancan zamani. Mai shirya wasan rediyo ba shi da fage ba shi da tufafi, kayan aikinsa uku ne kawai, murya da kiɗa da ƙara. In yana son ka ga mutum ya shigo daga nesa, sai ya sa ɗan wasa ya fara magana daga ƙuryar ɗaki yana matsowa kusa da makirufo. In doki ake so, ɓawon kwakwa biyu ake bugawa a kan tebur. In takun sojoji ne, tsakuwa ake zubawa a faranti a taka. Kukan zakara ya gaya maka asuba ta yi, hayaniyar masu talla ta kai ka kasuwa, ba sai wani ya ce maka komai ba. Bayan an ɗauka a kan zaren tef, in akwai tari ko tuntuɓen harshe, sai a nemo wurin da kunne, a sa alama da fensir, a yanke da reza, a liƙe. Shirin rabin sa'a yana iya cin yini guda.

Kiɗa kuma shi ne wurin da ake gane gwani. Kowane kiɗa da mazauninsa a ƙasar Hausa. Kakaki da tambari da algaita na fada ne, wanda ya sa su a wasan mahauta ya jawo wa kansa dariya, domin kalangu ne nasu. Kotso irin na Musa Ɗanƙwairo yana kai ka gaban sarki, kuntigin Ɗan Maraya Jos yana kai ka tashar mota wurin talakawa, ƙwaryar Barmani Coge kuwa cikin gida take kai ka wurin mata. Dole mai shirya shiri ya san duk wannan kamar yunwar cikinsa. Har ila yau, su ne suka riƙa gayyato makaɗa ko su bi su garuruwansu da na'ura a kafaɗa, shi ya sa wanda bai taɓa zuwa Funtuwa ba ya san muryar Mamman Shata.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ɗanƙwairo ya rasu cikin 1991, Shata cikin 1999, Barmani cikin 2013, Ɗan Maraya cikin 2015. Abin da ya rage mana na muryoyinsu, da na 'yan wasan da suka riga mu gidan gaskiya, mai yawa yana kan tsohon tef ne. Shi kuwa tef ba ya jure zafi da laima, yakan yi fumfuna, ya manne, ya gutsuttsure, ga shi kuma an daina ƙera na'urorin da ke juya shi. Tun cikin 2015 hukumar adana sauti da finafinai ta ƙasar Ostireliya ta yi gargaɗi cewa duk tef ɗin da ba a kwafe cikin kwamfuta ba kafin 2025 yana cikin haɗarin ɓacewa. In ƙasar da ke da ɗakunan ajiya masu sanyi tana wannan kuka, ina ga mu?

Abu na biyu shi ne sana'ar kanta. Tun da dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo, tashoshi sun yawaita, Freedom ta buɗe a Kano cikin 2003, nan Gombe ma, wadda ta zama jiha cikin 1996, akwai na gwamnati akwai na masu zaman kansu. Wannan ci gaba ne, ba mai musu. Sai dai shirin buga waya da na siyasa sun fi araha, sun kuma fi kawo talla, wasan kwaikwayo kuwa yana son marubuci da 'yan wasa da makaɗa da lokaci. Matasanmu sun iya kwamfuta, abin da reza ke yi cikin sa'a suna yin sa cikin minti, amma kwamfuta ba ta koya wa mutum bambancin kiɗan noma da na farauta. Wannan sai an zauna gaban manya, manyan kuwa suna ƙarewa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin gidajen rediyo da jami'o'inmu, da Gidan Arewa na Kaduna, su haɗa kai a kwashe tsofaffin faifan nan tun ba a makara ba, a kuma kira tsofaffin ma'aikata su koyar da na baya. Ku kuma 'yan'uwa na kudu, kuna da ƙungiyoyi da sarakunan Hausawa da attajirai. Maimakon gaisuwa kawai a filin zaɓi-sonka, ƙungiya ɗaya tana iya ɗaukar nauyin wasan mako-mako. Wanda kuma ke da tsohon kaset a ƙasan akwati, kada ya zubar, ya nemi a kwafe shi. 'Ya'yanku da aka haifa a Ikko suna bukatar su ji yadda kakanninsu ke magana da raha.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaya, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari, amin.