Ɗauri Ma Da Mudunsa: Bayani A Kan Sifana Mai Awo Da Gyaran Keke A Ƙasar Gwarzo

 Ga wata mas'ala ƙarama a ido, amma mai nauyi wajen aljihu da lafiyar jiki, watau mas'alar ɗaurin noti.

Wanda ya bi hanyar da ta fita Kano ta Kabuga, ta ratsa Rimin Gado ta isa Gwarzo, har ta zarce Dayi cikin ƙasar Katsina, ba sai an gaya masa matsayin keke a wannan yanki ba. Ran kasuwa tun da asuba zai ga mahaya suna ɓullowa daga wajen Getso da Kutama, da Garo da Kabo. Wani da buhun masara a kariya, wani da damin rake, wani da kwandon kaji, wani kuwa malami ne za shi zanen suna a ƙauyen gaba, gafakarsa a rataye. Dukansu sun ɗora rayukansu da dukiyarsu bisa 'yan ƙusoshi masu zare da notuna, waɗanda in an tara su duka ba su cika tafin hannu biyu ba.

A zamanin kuɗin gyaɗa, cikin shekarun 1950 da 1960, in kaka ta yi kyau babban burin saurayi ya sayi basukur. Keken da ya yi suna a lokacin shi ne Raleigh na birnin Nottingham a Ingila, daga baya Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa. Waɗannan duk baƙin ƙarfe ne, notunansu manya. Mai gyara da sifana biyu da filaya da guduma ya gama shiri, ƙa'idar da ya gada wurin ubangidansa kuwa ita ce a ɗaure har noti ya ƙi motsi, sa'an nan a ƙara masa kaɗan. Baƙin ƙarfe mai haƙuri ne, ya kan jure.

To, zamani ya sāke. Kekunan gwanjo na ƙasashen Turai sun daɗe suna shigowa, kuma tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 ɗin nan da ba a manta ba, mutane da yawa sun jingine babur sun koma keke. Yawancin kekunan nan marasa nauyi gangar jikinsu alminiyam ce, ƙusoshinsu ƙanana masu rami a ka, waɗanda a ke ɗaurewa da alanki. Hannun da ya saba da notin Raleigh in ya kama irin wannan ƙusa da ƙarfinsa na gado, ɓarna ce za ta biyo baya.

Abin da ke faruwa cikin ƙusa

Ƙusa mai zare, ko da ta ke ƙarfe ce, in ana murɗa ta miƙewa ta ke yi kaɗan, miƙewar da ido ba ya gani, kamar yadda igiyar ɗaurin kaya ke miƙewa in an ja ta. Ƙoƙarin da ta ke yi ta koma yadda ta ke, shi ne ke matse ƙarfe biyu wuri ɗaya. In ba a ja ta isasshe ba, girgizar hanya ta kan kwance ta. In an ja ta fiye da haddi, ɗayan uku ne: ko ta tsinke, ko zaren ramin da ta shiga ya cinye, ko abin da ta matse ya tsage.

Kowane ɓangare da irin hasararsa. Hannun feda na alminiyam, wanda ke zaune bisa ƙarfe mai kusurwa huɗu, in ƙusarsa ta yi sako-sako ya fara rawa, raminsa ya kan buɗe cikin 'yan kwanaki, kuma ba ya sāke zama daidai ko an ɗaure shi daga baya, sai saye. Notin ƙafar baya in bai kama ba, sarƙa ta kan janye ƙafar gefe ɗaya, taya ta riƙa gugar ƙarfe. Mafi hatsari shi ne maɗaurin kan keke. In ya yi sanyi, kai ya kan juya ƙasa sa'ad da aka faɗa rami da kaya. In kuwa an matse shi da yawa, ya kan yi tsaga siririya wadda ba a lura da ita, ta yi ta ci a ɓoye har ranar da za ta buɗe, mahayi na kan gangara. A ranar ba wanda zai tuna da mai gyaran da ya ƙara murɗi ɗaya wata uku da suka wuce.

Yadda a ke auna ɗauri

Ɗan kasuwa ya san tsayayyen ciniki ba ya yiwuwa sai da mudu ko sikeli. Haka ɗauri ya ke da ma'auninsa. Ƙarfin murɗi abu biyu ne a haɗe: nauyin da hannu ya danna, da tsawon mariƙin sifana. Don haka ne yaro ke kwance notin da ya gagari babba in an zura wa sifana bututu. Ma'aunin sunansa niyuton-mita, an sa masa sunan masani Isaac Newton na Ingila. In aka rataya kilo 1 a ƙarshen mariƙi mai tsawon mita 1, murɗin ya kusa niyuton-mita 10. Masu ƙera kekunan zamani su kan rubuta adadin a jikin ƙarfen, kusa da ƙusa. Mai keke ya duba, zai ga lamba, bayanta haruffan boko biyu, N babba da m ƙarama, kamar 5 Nm.

Abin da ke auna wannan shi ne sifana mai awo. Asalinta Amurka. A 1931 John Sharp na birnin Chicago ya nemi rajistar irinta, a 1935 kuma Conrad Bahr, ma'aikacin hukumar ruwa ta birnin New York, shi da George Pfefferle suka yi rajistar tasu. Abin da ya dami Bahr shi ne notunan bututun ruwa, kowane lebura da irin ɗaurinsa. Yau iri uku ne suka fi yawa. Akwai mai allura, wadda mariƙinta ke ɗan lanƙwasa allura ta nuna adadi. Akwai mai ƙara, wadda a ke saita adadi a gindinta, in an kai sai ta yi ƙas a hannu. Akwai kuma mai batir da ke nuna lamba. Mai allura ta fi araha, ta fi jure ƙura da wahala.

Ga kimanin adadin da aka saba, amma wanda maƙeri ya rubuta a jikin keke shi ne abin bi. Ƙananan ƙusoshin da ke riƙe kan keke, 5 zuwa 6. Maɗaurin sandar sirdi, 5 zuwa 7. Ƙusar da ke danne wayar birki, 6 zuwa 8. Feda, 35 zuwa 40. Ƙusar hannun feda, 35 zuwa 50. Notin ƙafa, 30 zuwa 45. Mai hankali zai ga tazarar: feda tana son ninki bakwai na abin da ƙusar kai ke so. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ba kowace ƙusa ƙarfi iri ɗaya, ƙanana su sha fiye da kima, manya su tashi da ƙishi. Saboda wannan tazara kuma sifana ɗaya ba ta cika ɗaukar aikin duka ba, a kan nemi ƙarama da babba.

Sharuɗɗan aiki da ita

Na farko, a tsabtace zare. Kusan kashi 9 cikin 10 na ƙarfin murɗi wajen gugar ƙarfe da ƙarfe ya ke tafiya, kashi ɗaya kaɗai ke zama matsi. Ƙurar hunturu da tsatsar damina suna ƙara guga, sai sifana ta ce an kai alhali ƙusa ba ta kama ba. A goge zaren, a shafa ɗan giris, sai fa in maƙeri ya hana.

Na biyu, a fara shigar da ƙusa da yatsu. In ta ƙi tafiya tun farko, zare ya hau karkace, a fitar a sāke.

Na uku, a riƙe sifana a mariƙinta, a ja sannu ba fizga. In ta yi ƙara sau ɗaya, aiki ya ƙare, ƙari ɓarna ne.

Na huɗu, inda ƙusa huɗu ke riƙe abu ɗaya, kamar kan keke, a bi su a gicciye kaɗan-kaɗan, har su kai tare.

Na biyar, ba a kwance noti da ita, ba a mai da ita guduma. Mai ƙara in an gama a mai da saitinta ƙasa, don kada sifirin da ke ciki ya gaji.

Na shida, ma'auni ma ana auna shi. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 6789 ta sa a gwada ta bayan shekara 1 ko bayan ɗauri 5,000.

A kuma tuna fedar hagu zarenta a juye ya ke, ta hagu a ke ɗaure ta. Hannuwan feda da yawa sun lalace don rashin sanin wannan.

Tsohon baƙin keke ma yana da wurin da ƙarfi ke yi masa illa, watau ɗan turken ƙarfen nan mai shafaffen gefe, wanda ke kulle hannun feda da gindinsa. Notinsa ƙarami ne, ba a yi shi don ya jawo turken ciki ba. Turken da guduma a ke shigar da shi, bayan an tokare hannun fedar daga ƙasa don kada boris ya sha dukan, sa'an nan a ɗaura noti ya riƙe. Wanda ya ce da sifana zai jawo shi, zaren zai tsinke masa a hannu.

In babu sifana mai awo

Ba kowane mai gyara a gindin bishiya ke da halin sayenta ba, amma ilmin awon ba ya bukatar kuɗi. Sikelin rataya mai ƙugiya, irin na masu sayen amfanin gona, yana iya tsayawa a madadinta. A auna santimita 10 daga tsakiyar ƙusa bisa mariƙin alanki, a maƙala ƙugiya a nan, a ja ta gicciye da mariƙin. In sikeli ya nuna kilo 5, an sami kimanin 5 Nm. Ga feda kuwa, a maƙala a santimita 25, a ja har kilo 16, an sami kusan 40 Nm. Wanda ya yi haka sau da yawa hannunsa zai koyi bambancin, kamar yadda mai awon hatsi ke gane cikar mudu tun bai duba ba.

Masu gyara na kasuwa ɗaya kuma suna iya yin karo-karo su sayi guda, a ajiye wurin shugabansu, kowa ya ara. Falken da ke sarin kekunan gwanjo yana sayarwa, shi ma riba gare shi ya mallake ta, don keken da ya karye mako biyu bayan ciniki sunan mai sayarwa ya ke ɓatawa.

Mai keke kuma da nasa hakkin. Kada ya tsaya kan mai gyara yana cewa a ƙara ɗaurewa, don sau da yawa wannan magana ce ke sa a wuce haddi. Kafin ya ɗora kaya ran kasuwa, ya matse ƙafar gaba tsakanin gwiwoyinsa ya gwada murɗa kai, ya girgiza hannun feda, ya danna sirdi, ya kama birki. In ya ji wani abu na rawa ko yana ƙara, ya kai gyara tun bai bar gari ba. Keke amana ce a hannun mai gyara, mahayi kuwa amana ne a kan keke, kowace ƙusa a ba ta mudunta, ba ragi ba ƙari.